Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: 'Yan Kokawar Da Aka Sa Wa Rai

 Kwanakin baya muna zaune a majalisa bayan la'asar, hira ta yi hira har ta gangaro kan resilin, wato kokawar nan ta Turawa da muka taso muna kallo a talabijin da kaset-kaset na bidiyo. Ana cikin haka sai wani ya jefo tambaya, ya ce wai shin ina Ahmed Johnson ya shiga ne? Aka yi shiru. Kowa a wurin ya tuna baƙin ƙaton nan mai jan wando wanda ya ɗaga Yokozuna ya maka da ƙasa, kowa ya tuna yadda muka yi ta cika baki cewa nan gaba kaɗan shi zai riƙe duniya, amma babu wanda ya iya faɗin inda ya ƙare. Daga nan sai aka shiga lissafo ire-irensa, waɗanda suka fito da zafinsu kamar za su cinye kowa, sannan aka wayi gari babu su babu labarinsu. Wannan hira ce ta sa na ga ya dace in tattaro abin da tarihi ya adana a kan irin waɗannan mutane, tun daga nan ƙasar Barno har zuwa Amurka, domin akwai darasi a ciki da ya shafi samarinmu na yau.

Bari mu fara daga gida. A ƙarni na 19 fadar Shehu tana Kukawa ne, garin da Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu, ya kafa a 1814, kusan shekara ɗari kafin a kafa Yerwa a 1907. A watan Fabrairun 1823 wasu Turawan Ingila su uku, Denham da Clapperton da Oudney, suka iso Kukawa bayan sun ratso Sahara daga Tarabulus. Manjo Denham ya shafe fiye da shekara guda a Barno, kuma a littafin tafiyarsu da aka buga a Landan a 1826 ya ba da labarin kokawar da ya gani da idonsa a ƙofar fada. A cewarsa, bayin manyan gari ne suke karawa, waɗanda suka fi ƙarfi kuwa mutanen Bagarmi ne da na Musgu. Kowane ubangida yana tsaye yana kallon nasa, yana zuga shi, wani lokaci har da barazana. Wanda ya yi kaye sai a yafa masa riga a gaban jama'a. Wanda aka kayar kuwa, ko da jiya an taya shi da tsada ubangidansa ya ƙi sallamawa, yau darajarsa ta zube, sai a tura shi kasuwa da raunin da ya samu a sayar da shi da araha.

Mai karatu ya riƙe wannan hoton a zuciyarsa, domin za mu sake cin karo da shi. Ɗan kokawa yana da ƙarfi, jama'a suna sowa dominsa, amma makomarsa tana hannun wani mutum da ke tsaye a gefen fili.

Shi kuwa Clapperton ya wuce Kano, ya isa a watan Janairun 1824, inda ya biya kuɗi aka yi masa dambe a ƙofar masaukinsa, kuma ya rubuta cewa mahauta ne 'yan damben, kamar dai yadda muka sani har gobe cewa dambe gadon Rundawa ne. Ita kuwa kokawa a ƙasar Hausa wasan kaka ce. Idan an kawar da amfanin gona, samari su yi ɗamara da guru da layu, makaɗa su ɗauki ganguna, a bi gari gari ana neman wanda zai iya da gwanin wani gari. Duk dattijon da ka zauna da shi, daga Gobir ya zo ko daga Damagaram ko Haɗeja, zai ba ka labarin wani yaro a garinsu da ya kayar da kowa a kaka guda, badi aka neme shi aka rasa. Wani karaya ya samu, wani ci-rani ya tafi bai dawo ba, wani kuma aure da nauyin gida suka sauke masa ɗamara. Sunayensu sun tafi tare da makaɗan da suka yi musu kirari.

Resilin kuwa ya shigo mana ne ta hannun mutane irin su Michael Okpala, wato Power Mike, mutumin Neni ta jihar Anambra, wanda aka haifa a 1939. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ya yi zaman Kano yana saurayi, ya je neman sana'a kamar yadda iyayenmu suka zo nan Barno, kafin ya koma nuna ƙarfi a bainar jama'a. A 1970 ya zama zakaran Afirka ajin masu nauyi, a 1976 ya yi ritaya ya koma shirya wasanni, yana gayyato 'yan resilin na waje irin su Mighty Igor da Mil Mascaras zuwa Nijeriya. Ya rasu a 2004. Bayan zamaninsa ne kaset ɗin bidiyo ya yawaita, gidajen kallo suka buɗe a unguwanni, sunayen Hulk Hogan da Ultimate Warrior da Undertaker suka shiga bakin yaran Hausari da Gwange kamar 'yan unguwa.

To, kafin mu shiga labarin waɗanda suka gaza, dole mu fahimci yadda sana'ar take. A resilin an riga an tsara wanda zai ci tun kafin a hau dandamali. Mun sha gardama a kan wannan muna yara, har da masu rantsuwa, amma kamfanin WWF da bakinsa ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey a 1989 cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ya faɗi haka ne kuwa domin ya kuɓuta daga dokokin hukumar wasanni. Sai dai faɗuwar gaskiya ce, karayar ma gaskiya ce. Saboda haka ɗan resilin yana buƙatar abu uku: jiki mai cika ido, da iya wasa yadda zai nuna kamar ya kashe abokin karawarsa alhali bai ji masa ciwo ba, da kuma baki, wato ya iya riƙe makirfo ya sa mutum dubu ashirin su so shi ko su tsane shi. Bayan waɗannan duka sai abu na huɗu wanda ba ya hannunsa, shi ne yardar mai kamfani. Shi kambun duniya a wurinsu amana ce da mai gida yake damƙa wa wanda yake ganin zai cika masa zaure da 'yan kallo.

Na farko a jerinmu shi ne Tom Magee, mutumin Kanada. Wannan bawan Allah ya zama zakaran duniya a ɗaga ƙarfe a 1982, kuma a shekarar ya zo na biyu a gasar neman wanda ya fi kowa ƙarfi a duniya. Ga tsawo, ga ƙira, ga shi kuma yana alkafura kamar ɗan biri duk da nauyinsa. A lokacin Hulk Hogan ne ke riƙe da kambun WWF tun Janairun 1984, kuma mai kamfanin, Vince McMahon, yana laluben wanda zai gaje shi. Ranar 7 ga Oktoban 1986, a garin Rochester na jihar Niyok, aka gwada Magee da wani matashi mai suna Bret Hart. Wasan ya yi kyau matuƙa, har aka ruwaito cewa McMahon ya ce ya samu zakaransa na gaba. Ashe ba a lura ba, gwanintar ta Bret Hart ce. Shi ne ya tsara wasan yadda zai fito da 'yan abubuwan da Magee ya iya, ya ɓoye duk waɗanda bai iya ba. Da aka fara haɗa Magee da wasu sai asiri ya tonu, naushinsa babu kai, motsinsa babu daɗin kallo. Kafin 1990 ta wuce ya bar harkar. Shi kuwa Bret Hart da aka ɗauka tsani ne kawai, shi ya ɗauki kambun a 1992, ya kuma riƙe shi har sau biyar. Kaset ɗin wancan wasa ya ɓace shekaru da dama, sai a 2019 aka samo shi aka nuna wa duniya.

Irin wannan kuskure na auna mutum da girman jiki shi aka maimaita a kan Jorge González, ɗan ƙasar Ajantina, wanda muka sani da Giant González. Tsawonsa ya kai kusan mita 2.3, asalinsa kuma ɗan ƙwallon kwando ne, ƙungiyar Atlanta Hawks ta ɗauke shi a 1988. Da gwiwoyinsa suka kasa ɗaukar gudun ƙwallo, sai attajirin da ya mallaki ƙungiyar, Ted Turner, wanda kuma shi ne mai kamfanin resilin na WCW, ya mayar da shi can a 1990. A Janairun 1993 ya koma WWF, aka ɗinka masa wata riga mai zanen tsoka da gashi, aka haɗa shi da Undertaker. Waɗanda suka kalli karawarsu ta WrestleMania a watan Afrilun wannan shekara za su tuna yadda ya shaƙa wa Undertaker wani ƙyalle mai maganin sa barci aka kore shi daga wasan. Gaskiyar magana ita ce mutumin da ƙyar yake ɗaga ƙafa, kuma ciwon da ya ba shi wannan tsawo shi ne yake cin jikinsa. Bai cika shekara guda a WWF ba. Ya koma ƙasarsu, ya ƙare a keken guragu, ya rasu a 2010 yana da shekara 44 sakamakon ciwon sukari.

Akwai kuma waɗanda sun haɗa komai, ƙaddara ce ta riga fata. Mako guda cif bayan wasan Magee da Bret Hart, ranar 14 ga Oktoban 1986, wani matashi mai suna Terry Allen, wanda ake kira Magnum T.A., yana tuƙa motarsa ƙirar Porsche cikin ruwan sama a garin Charlotte, sai ta ƙwace masa ta daki turken waya. Shekararsa 27 a lokacin, ya riga ya riƙe kambun Amurka na ƙungiyar NWA, kuma shi ne ake shirya wa karɓar kambun duniya daga hannun Ric Flair. Ƙasusuwan wuyansa biyu suka farfashe. Likitoci sun yi shakkar ko zai sake takawa, ya taka ɗin daga baya da sanda, amma bai sake yin wasa ko sau ɗaya ba.

Labarin da ya fi wannan ban tausayi shi ne na gidan Von Erich na jihar Texas. Mahaifinsu Fritz tsohon ɗan resilin ne mai kamfanin kansa, ya kuma saka 'ya'yansa maza a sana'ar ɗaya bayan ɗaya. David, wanda masana suka ce ya fi su iya wasa da iya magana, an tsinci gawarsa a ɗakin otal a Tokiyo ranar 10 ga Fabrairun 1984, yana da shekara 25. A watan Mayun wannan shekara ƙanensa Kerry ya doke Ric Flair ya karɓi kambun duniya a gaban dubban mutanen garinsu, amma kwana 18 kacal ya yi da shi aka mayar wa Flair. A 1986 Kerry ya yi hatsarin babur wanda ya jawo aka yanke masa ƙafar dama daga idon sawu, ya ci gaba da wasa da ƙafar roba a ɓoye cikin takalmi. Mu da muka gan shi a WWF a 1990 da sunan Texas Tornado, lokacin da ya karɓe kambun Intercontinental daga Mr. Perfect, ba mu san da ƙafa ɗaya yake wannan tsalle-tsallen ba. Magungunan kashe zafin ciwo suka kama shi, ya kasa rabuwa da su, a Fabrairun 1993 ya kashe kansa yana da shekara 33. Kafin shi ƙannensa biyu, Mike a 1987 da Chris a 1991, sun bi wannan mummunar hanya. Kevin kaɗai ya rage a cikinsu. A 2023 an yi fim a kan wannan gida mai suna The Iron Claw. Duk uban da yake matsa wa ɗansa lallai sai ya zama abin da shi yake so, ya kamata ya san labarin gidan nan.

Sai kuma wanda mai gida ya ɗaga shi sama sannan ya sake shi. A tsakiyar 1993 Hogan ya bar WWF, kambu yana hannun Yokozuna, ƙaton nan mai nauyin kusan kilo 250 da aka ce mana Bajapane ne alhali asalinsa ɗan tsibirin Samowa ne haifaffen Amurka. Ranar 4 ga Yuli, ranar bikin 'yancin Amurka, aka shirya gasa a kan wani tsohon jirgin ruwan yaƙi a Niyok, wai a ga mai iya ɗaga shi. Kowa ya gwada ya kasa, sai ga Lex Luger ya sauko daga jirgi mai saukar ungulu ya ɗaga shi ya kayar. Aka ba shi doguwar mota mai fentin tutar Amurka ya zagaya ƙasa yana gaisawa da jama'a har tsawon makonni. Ranar 30 ga Agusta aka haɗa su a SummerSlam. Luger ya buge Yokozuna ya faɗo wajen dandamali, alƙali ya ƙirga goma, aka ce Luger ya ci, aka saki balan-balan, abokansa suka ɗauke shi a kafaɗa. To amma a dokar wasan kambu ba ya sauya hannu da irin wannan ci. 'Yan kallo suka ga mutum yana murna hannu wofi, daga ranar zafinsa ya fara hucewa. A Maris ɗin 1994 aka ba Bret Hart kambun, shi kuwa Luger ya koma WCW a Satumban 1995. Ya riƙe kambun duniya na can, ba za a ce ya tashi a tutar babu ba, amma gadon Hogan da aka yi masa alkawari bai taɓa zama a kai ba.

Yanzu bari in amsa tambayar majalisa. Sunan Ahmed Johnson na gaskiya Tony Norris, Ba'amurke ne, sunan Ahmed ɗin na wasa ne, ko da yake da yawa daga cikinmu saboda sunan muka ɗauke shi namu. Ya bayyana a WWF a ƙarshen 1995, kuma ranar 23 ga Yunin 1996 ya doke Goldust ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe kambun Intercontinental, wanda shi ne na biyu a daraja a kamfanin. A watan Agusta ya ci wata gasa da ta ba shi damar neman babban kambu. Ana sauran kwanaki sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi, aka yi masa aiki, aka karɓe kambun da ke hannunsa, damar ma ta wuce. Da ya dawo sai rauni ya riƙa bin rauni, yau gwiwa gobe hannu, ga kuma abokan wasa suna kukan cewa hannunsa yana da nauyi, yana ji musu ciwo da gaske. A farkon 1998 suka rabu da kamfanin. Ya ɗan leƙa WCW a 2000 da sunan Big T, jiki ya yi nauyi, babu wanda ya kula. Duka-duka tashensa bai wuce wata tara ba.

Na ƙarshe a wannan jeri shi ne wanda siyasar duniya ta cinye. A Disambar 2004 kamfanin, wanda ya koma WWE tun 2002, ya fito da wani matashi da sunan Muhammad Hassan, a matsayin Balaraben Amurka mai kukan wariyar da ake nuna musu tun bayan harin 11 ga Satumban 2001. Yaron ba Balarabe ba ne, sunansa Marc Copani, jinin Italiya ne daga jihar Niyok. Ya iya baki ƙwarai, cikin 'yan watanni ya zama wanda 'yan kallo suka fi tsana, wanda a wannan sana'a babbar riba ce, har aka ruwaito cewa ana shirin ba shi kambun duniya. Ranar 4 ga Yulin 2005 aka ɗauki wani shiri inda wasu mutane masu rufe da fuska suka far wa Undertaker da sunan yaransa ne. Aka nuna shirin ranar 7 ga Yuli, ranar da bama-bamai suka tashi a jiragen ƙasa da motar safa a Landan. Jama'a suka yi ca, tashar talabijin ta UPN ta ce kada ta sake ganinsa, kafin ƙarshen watan aka cire shi, a Satumba aka sallame shi yana da shekara 23. Waɗanda suka rubuta shirin suna nan a kan kujerunsu, wanda aka ba umarni ya aiwatar shi ya rasa aikinsa. Ka tuna bawan Kukawa? Sai dai shi wannan ya yi dabara, ya koma makaranta, ya zama malami, har ya kai shugaban makarantar sakandare.

'Yan Nijeriya ma sun shiga wannan fage. Sesugh Uhaa, wato Apollo Crews, ɗan ƙabilar Tibi ne ta wajen mahaifinsa daga jihar Binuwai, an haife shi a Amurka. Da ya shigo WWE a 2015 an yi ta cewa ga tauraro, ya riƙe kambun Amurka a 2020 da na Intercontinental a 2021, daga nan aka daina tura shi gaba. Omos, haifaffen Legas mai tsawon mita 2.2, shi ma daga ƙwallon kwando ya zo kamar González, an haɗa shi da Bobby Lashley a 2022 da Brock Lesnar a 2023, duka aka kayar da shi. Sai Oba Femi, shi ma ɗan Legas, wanda ya ɗauki kambun NXT a Janairun 2025. Waɗannan ba a rufe littafinsu ba tukuna, don haka ba za mu yanke musu hukunci ba, amma duk mai yi musu fata ya tuna da Magee da Luger.

To, ina mu a cikin wannan labari? Mu duba maƙwabtanmu na Nijar. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, suka mayar da kokawa gasar ƙasa. An yi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi, kamar yadda na Doso yake ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani. Jihohinsu takwas kowace tana kawo 'yan kokawa goma, ana zagayawa da gasar daga jiha zuwa jiha, ana watsawa kai tsaye a rediyo da talabijin, wanda ya yi nasara ya tafi da takobi da miliyoyin sefa. A ƙarshen 2022 a Diffa aka yi ta, nan bayan Damasak, da ka tsallake kogin Komadugu, duk da cewa matsalar tsaron da ta same mu su ma ta same su. Issaka Issaka na Doso ne ya ɗauki takobin a can. Amfanin wannan tsari shi ne yaron da ya yi tashe a ƙauyensu yana da matakalar da zai taka, daga gari zuwa gunduma zuwa jiha zuwa ƙasa, kuma idan an kayar da shi bana, badi yana da inda zai dawo ya rama.

Mu duba kudancin ƙasarmu kuma. Daniel Igali ya taso ne yana kokawar gargajiya ta Ijo a ƙauyen Eniwari na jihar Bayelsa ta yanzu. A 1994 ya je gasar ƙasashe renon Ingila a Kanada ya ƙi dawowa, a 2000 ya ci zinare a gasar Olamfik ta birnin Sydney, amma da tutar Kanada. Nijeriya ta haifa, wasu suka mora. Daga baya ya dawo gida ya shugabanci hukumar kokawa ta ƙasa, kuma a ƙarƙashinsa ne Blessing Oborududu, ita ma 'yar Bayelsa, ta ciyo wa Nijeriya azurfa a Tokiyo a 2021, lambar Olamfik ta farko da ƙasar nan ta samu a kokawa. Sun ɗauki wasan ƙauye sun yi masa makaranta da masu horarwa, ga sakamakon.

Mu kuwa da Denham ya ga kokawa a ƙasar da muke zaune shekara ɗari biyu da suka wuce, me muka tanada? Tun 2009 rikici ya watse tarukan dare da na yamma, dokar hana fita ta rufe filaye shekara da shekaru. Dubban samari daga Marte da Abadam da Kukawa da Monguno sun shigo birni, da yawansu 'ya'yan manoma da masunta ne da suka san kokawa tun suna ƙanana. Yau ka same su suna dako a Gamboru da Baga Road, ko suna ɗaga ƙarfen da aka haɗa da siminti a lungu, wasu kuma, abin takaici, 'yan siyasa ne suke haya da ƙarfinsu lokacin zaɓe, a ba su ƙwaya, a watsar da su bayan an rantsar. Wannan shi ne ubangidan Kukawa ya dawo da sabuwar riga.

Shawarata ga shugabannin al'ummarmu da 'yan kasuwarmu ba ta da tsada. A samu fili guda, a nemi izinin hukuma da albarkar masu unguwanni, a riƙa shirya kokawa tsakanin unguwa da unguwa ko da sau biyu ne a shekara, bayan kowace Sallah, Bahaushe da Babarbare da Shuwa da Babur kowa ya kawo nasa. A ajiye ma'aikacin lafiya a bakin fili. A rubuta sunan duk wanda ya yi kaye da shekarar da ya yi, domin kada su ɓace kamar na da. Wanda ya yi fice a miƙa shi ga hukumar wasanni ta jiha, tunda akwai kokawa da dambe a cikin wasannin gargajiya na bikin wasanni na ƙasa. Sannan a kafa sharaɗi cewa duk yaron da zai shiga sai yana makaranta ko yana koyon sana'a, domin a duk mutanen da na lissafa a sama, wanda ya koma aji ya zama malami ya fi yawancinsu kyakkyawan ƙarshe. Ƙarfin saurayi shekara goma ne idan ya daɗe, gwiwa guda kuma ta isa ta rage shi zuwa dare ɗaya.

Wanda yake da labarin wani gwanin kokawa na garinsu da ya yi tashe ya ɓace, don Allah ya tambayi dattawan gidansu tun suna raye, ya rubuta ya ajiye. Allah ya raya mana matasanmu, ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa a Barno da ƙasa baki ɗaya. Sai mun sake haɗuwa.